An ba mu kwana 21 mu biya kuɗin aikin ginin da muke jayayya a kansa

Baban Amira:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana shari'a da masana harkar gini game da wata takarda da aka kawo ofishinmu. Kamfaninmu ya karɓi kwangilar gina rukunin shaguna mai hawa biyu daga hannun wani ɗan kasuwa, mu kuma muka ba wani ƙaramin kamfani aikin jera bulo da zuba dakin da rufi a kan naira miliyan 38. Mun biya miliyan 27 kashi-kashi, saura miliyan 11. Da damina ta sauka rufin ya riƙa yoyo, sannan injiniyan mai ginin ya ƙi amincewa da bim guda biyu saboda kankaren ya yi ramuka har rodi ya bayyana. Mun kira su su zo su gyara, ba su zo ba, sai muka ɗauko wasu ma'aikata suka yi gyaran a kan miliyan 3.4. Yanzu lauyansu ya rubuto yana neman miliyan 19, wato ragowar miliyan 11 da ƙarin miliyan 8 da ya ce na ƙarin aiki ne da tashin farashin kaya. Ya ba mu kwana 21, ya ce idan ba mu biya ba zai nemi kotu ta rushe kamfaninmu, kuma zai kai ƙorafi wurin 'yan sanda. Wasu abokaina sun ce in yi banza da ita, barazana ce kawai ta lauyoyi. Mene ne matsayin wannan takarda, kuma ta wace hanya ake ƙalubalantarta?

Barista Maman Sadik:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, kada ka bi shawarar masu cewa ka yi shiru. Takardar ba hukuncin kotu ba ce, babu wanda zai iya taɓa dukiyarka da ita, amma kwana 21 ɗin nan ba da ka aka faɗe su ba. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, a sashe na 572, ta ce idan mai bin bashi ya kai takardar nema ofishin kamfani mai rajista, aka yi mako uku kamfanin bai biya ba, bai ba da jingina ba, bai kuma cimma daidaito da shi ba, to ana ɗaukar kamfanin a matsayin wanda ya kasa biyan basussukansa. Wannan yana cikin dalilan da Babbar Kotun Tarayya take dogara da su ta ba da umarnin rushe kamfani. A dokar 1990 bashin da ya haura naira 2,000 ya isa a bi wannan hanya, dokar 2020 ta ɗaga shi zuwa naira 200,000, sannan gyaran 2023 ya mayar da ƙayyade adadin hannun Hukumar Rajistar Kamfanoni.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, kotunan ƙasar nan sun daɗe a kan matsayin cewa ƙarar rushe kamfani ba hanyar karɓar bashin da ake jayayya a kansa ba ce. Kotun Ƙoli ta yi bayani a kan haka a shari'ar Air Via da Oriental Airlines a 2004. Sai dai ba kowace jayayya ake karɓa ba. Dole ta kasance ta gaskiya, mai tushe, wadda alƙali zai duba takardu ya ga lallai akwai abin da sai an saurari shaidu kafin a san wanda ke bin wani. Mutumin da ya ce "ba a bina komai" ya tsaya a nan bai yi jayayya ba a idon kotu.

Ina da tambayoyi. Kamfaninka cikakken kamfani ne mai zaman kansa ko sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista? Akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku? Kiran da kuka yi musu su zo gyara, a rubuce ne ko a baki?

Baban Amira:
Na gode, Barista. Cikakken kamfani ne. Akwai yarjejeniya ta shafi huɗu, a cikinta an rubuta cewa za mu riƙe kashi 5 cikin ɗari har sai an yi wata shida da miƙa aiki, kuma watanni shidan ba su cika ba. Kiran gyara ta WhatsApp muka yi, da hotuna. Batun ƙarin aiki kuwa, gaskiya mun sa su ƙara matattakala ɗaya ta baya wadda babu ita a zanen farko, a baki muka yi maganar, muka tsaya a kan miliyan 1.2.

Mai Ƙididdigar Gini:
Alhaji, bari in shigo ta ɓangaren lissafi, domin a irin wannan rigima lissafi ne ke ba lauya abin da zai rubuta. Ɗauki miliyan 19 ɗin ka warware ta gida-gida. Kashi 5 cikin ɗari na miliyan 38 shi ne miliyan 1.9. Wannan kuɗinsu ne, amma lokacin biyansa bai yi ba, don haka ba ya cikin abin da za a nema yau. Kuɗin gyara miliyan 3.4 kana da hujjar cirewa idan ka iya nuna cewa aibin daga aikinsu ne, an sanar da su, an ba su dama, kuma farashin gyaran bai wuce hankali ba. Idan ka cire waɗannan biyun daga miliyan 11, saura miliyan 5.7. Ka ɗora miliyan 1.2 na matattakalar da kai da bakinka ka ce kun yi, ya zama miliyan 6.9. Ni a ganina wannan adadin babu wata jayayya a kansa, kuma shi ne hatsarin da ke gabanka, ba miliyan 19 ba.

Ragowar miliyan 6.8 da suka kira tashin farashi, sai a koma ga yarjejeniya. Kowa a zauren nan ya san abin da ya faru bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Ministan Ayyuka ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar naira 7,000 zuwa 8,000. Rodi da kwanon rufi su ma haka. Asarar da ƙananan 'yan kwangila suka tafka gaskiya ce. Amma idan yarjejeniya ta dunƙulallen farashi ce, kuma babu sharaɗin da ya ce za a sake duba kuɗi in kaya sun tashi, to wanda ya karɓi aikin ne ya ɗauki wannan kasada. Manyan kwangiloli da ake yi a kan tsarin FIDIC (samfurin yarjejeniyar gini na ƙasa da ƙasa) ko daidaitaccen tsarin kwangilar gini na Najeriya na 1990 suna da gurbin irin wannan sharaɗi da yadda ake lissafinsa. Takardar shafi huɗu da wuya ta kasance da shi, amma a karanta a gani.

Tsohon Magini:
Ina ta karantawa, kuma na ga duk hankali ya koma ga yadda Alhaji zai kare kansa. Ni na tsufa a ɓangaren waɗanda ake riƙe wa kuɗi, saboda haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Abin da muka saba gani shi ne, aiki yana da kyau muddin ba a zo maganar cikon kuɗi ba. Ranar da ka miƙa takardar neman ragowarka, ranar ce za a gano bango ya karkace, filasta ta tsage, rufi yana yoyo. Babban ɗan kwangila yana da lauya da injiniya da ofis, ƙaramin kuwa birkiloli da leburori da mai tifar yashi ne suke zaune a ƙofar gidansa tun asuba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ke ƙasa shi ne ake matsawa. Ban ce Alhaji haka yake ba. Sai dai tambayata ita ce, tunda shi kansa ya san akwai kusan miliyan 7 da babu gardama a kansu, me ya hana a biya su tun kafin a kai ga lauya?

Baban Amira:
Baba, tambayarka a kan hanya take. Mai ginin ne bai sake mana kason ƙarshe ba, saboda matsalar bim ɗin nan ta jinkirta karɓar aikin. Mun gaya musu cewa da zarar an biya mu za mu biya su.

Barista Maman Sadik:
Alhaji, wannan magana ta ƙarshe kada ta shiga cikin amsar da za ka rubuta, sai fa idan yarjejeniyarku ta faɗi haka ƙarara. Yarjejeniyarka da mai gini daban, taka da ƙaramin kamfanin daban. Su ba su da ikon kai mai ginin ƙara domin ba da shi suka ƙulla ba, kai kuma ba ka da ikon cewa su jira shi idan ba ku rubuta hakan ba. Mafi muni ma, duk wanda ya rubuta "za mu biya idan an biya mu" ya amsa bashin, ya kuma nuna cewa babu kuɗi a hannunsa, wanda shi ne ainihin abin da mai neman a rushe kamfani yake son ya tabbatar wa kotu.

Ina tare da Baba da Malam mai ƙididdiga a kan cewa a biya abin da babu jayayya a kansa cikin mako ukun nan, ko da kuwa sai an nemo kuɗin daga wani wuri. Dalili na shari'a ne kafin ya zama na tausayi. Idan bashin da aka nema miliyan 19 ne, kai kuma ka tabbatar da jayayya a kan miliyan 12 kawai, to ragowar da ba ka biya ba ta isa ta riƙe ƙarar a gaban kotu. Idan kuwa ka biya ta, abin da ya rage zallar jayayya ce, kuma wurinta Babbar Kotun Jiha ko zaman raba gardama.

Game da amsar kanta, lauyanka ya rubuta ta kafin wa'adin ya cika, a kai ta hannu da hannu a sa hannun karɓa. Ta bi kuɗin ɗaya bayan ɗaya: ga wanda muka amince kuma ga shaidar biyansa, ga wanda lokacinsa bai yi ba da sharaɗin da ya ce haka, ga wanda muka cire da rahoton injiniya da hotuna da rasiɗan gyara, ga wanda muke musantawa gaba ɗaya da dalili. Saƙonnin WhatsApp ana karɓarsu a kotu ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, matuƙar an haɗa su da takardar shaidar na'urar da aka ciro su, don haka a adana wayar, kada a goge komai. Ranakun da ke kan saƙonnin nan su ne za su amsa zargin da Baba ya kawo, domin alƙali zai duba ko an yi ƙorafin aibin tun lokacin da ya bayyana, ko kuwa sai bayan isowar takardar lauya aka tuno da shi.

Idan kana son ka yi tayin sulhu, misali ka ƙara musu wani abu a kan tashin farashi don a rabu lafiya, a rubuta shi a wata wasiƙa dabam, a sa mata kalmomin da lauyoyi ke sawa don nuna cewa tayin sasanci ne wanda ba a kafa hujja da shi a kotu. Kada a cakuɗa wasiƙun biyu.

Ɗan Zazzau a Ingila:
Salam ga kowa. Ina aiki da wani kamfanin gine-gine a nan Ingila, kuma abin da Baba Tsohon Magini ya bayyana shi ne ainihin abin da ya sa aka yi doka ta musamman a nan. Bayan rahoton Latham na 1994 a kan matsalolin harkar gini, majalisa ta yi dokar 1996 wadda ta ba kowane ɓangare a kwangilar gini damar kai rigima gaban wani mai yanke hukunci na wucin gadi a kowane lokaci, shi kuma ya yanke cikin kwana 28. Hukuncinsa dole a bi shi nan take, wanda bai gamsu ba ya biya tukuna sannan ya je kotu daga baya. Dokar ta kuma soke sharaɗin "sai an biya ni zan biya ka", in ban da yanayin da na sama ya karye. Da gyaran da ya fara aiki a 2011 abin ya ƙara tsanani: idan ɗan kwangila ya miƙa takardar neman kuɗi yadda ya dace, kai kuma ba ka aika sanarwar cewa za ka biya ƙasa da haka ba, tare da lissafinka, cikin lokacin da aka ƙayyade, to sai ka biya duk abin da ya rubuta ko da aikin yana da aibi. A shari'ar S&T da Grove a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kana iya komawa a tantance ainihin darajar aikin, amma bayan ka biya.

A ɓangaren takardar neman bashi kuwa, idan mutum ɗaya aka aika wa, yana da kwana 18 ya nemi kotu ta jingine ta, kuma ba a ayyana mutum a matsayin wanda ya karye a kan bashin da bai kai fam 5,000 ba. Idan kamfani ne, adadin fam 750 ne, wa'adin kwana 21, kuma hanyarsa ita ce ya nemi umarnin kotu da zai hana a shigar da ƙarar rushewa ko a tallata ta. Da a nan Alhaji yake, saƙon WhatsApp mai cewa a zo a gyara ba zai wadatar ba, sai an ga sanarwar rage biya mai ɗauke da adadi.

Barista Maman Sadik:
Na gode da wannan bayani, Injiniya. Don kada wani ya rikice, Najeriya ba ta da dokar da ta tilasta irin wannan hukunci na kwana 28, sai dai idan ɓangarorin ne suka rubuta shi a yarjejeniyarsu. Amma maganar tallata ƙara da ka kawo ta shafe mu sosai. A ƙa'idojin rushe kamfanoni na 2001 ba a buga sanarwar ƙara a jarida sai alƙali ya ba da izini, kuma a wannan gaɓar ce ake yin babban faɗan. Da zarar an buga cewa ana neman rushe kamfaninka, banki zai ɗaga kunne, masu ba ka siminti da rodi bashi za su janye, masu ba da kwangila za su ja baya, ko da daga baya ka yi nasara. Saboda haka idan an shigar da ƙarar, lauya ya gaggauta shigar da takardar rantsuwa mai ɗauke da duk hujjojin jayayya, ya yi adawa da ba da izinin tallatawa, ya nemi a kori ƙarar.

Akwai kuma abin dubawa a jikin takardar da aka kawo. Sashe na 572 ya ce mai bin bashin ne zai sa mata hannu, kuma a ajiye ta a ofishin kamfani mai rajista ko babban ofishinsa. Lauyoyi sukan kafa hujja da wannan idan lauya ne kaɗai ya sa hannu, ko kuma an miƙa ta ga mai gadi a wurin aiki. Hujja ce mai amfani, amma ba na son a jingina da ita kaɗai, domin abin da take jawowa bai wuce su sake rubuto wata daidai ba, a sake ƙirga mako uku.

Mai Ƙididdigar Gini:
Barista, idan yarjejeniyar tana da sharaɗin cewa duk saɓani za a kai shi zaman raba gardama a wajen kotu fa? Ina ganin wannan kaɗai ya isa ya tsayar da su.

Barista Maman Sadik:
Idan ƙarar neman kuɗi ce suka kai Babbar Kotun Jiha, eh. Dokar raba gardama da sasanci ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, a sashe na 5 ta ce kotu ta mayar da su can idan ɗaya ya nema, da sharaɗin ya nema kafin ko a daidai lokacin da zai shigar da bayaninsa na farko a kan gundarin rigimar. Wanda ya tsunduma cikin kare kansa ya yi watsi da damar. Ƙarar rushe kamfani kuwa wani abu ce daban, domin ba a kai ta gaban mai raba gardama, don haka ni ba zan shawarci kowa ya tsaya a kan sharaɗin kaɗai ba tare da ya nuna tushen jayayyarsa ba.

Ɗan Zazzau a Ingila:
Haka abin ya koma a nan ma. A 2024, a shari'ar Sian da Halimeda, alƙalan Majalisar Sarki da ke Landan sun ce sharaɗin raba gardama ba ya hana a rushe kamfani, sai bashin ya kasance ana jayayya a kansa bisa dalilai na gaske masu nauyi.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan uwa. Ina so in ja hankalin masu karɓar aiki a ɓangarenmu, domin akwai 'yan kwangilar Kano da Katsina da ke aiki a Maraɗi da Damagaram da Yamai. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, kuma a nan hanyar ta fi ta Najeriya kaifi. Mai bin bashi yana zuwa wurin alƙali shi kaɗai da takardunsa, idan alƙali ya ga bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne, lokacinsa ya yi, sai ya ba da umarnin biya ba tare da ya ji ta bakinka ba. Daga ranar da ma'aikacin isar da takardun kotu ya miƙa maka, a dokar 1998 kwana 15 gare ka ka shigar da adawa, sabuwar dokar da aka amince da ita a 2023 kuma ta rage su zuwa 10. Idan ka yi adawa a kan lokaci, za a fara gwada sulhu, in ya ƙi a saurari shari'ar. Idan ka bari kwanakin suka wuce, umarnin ya zama abin zartarwa, ana iya kama asusunka da motocinka da shi. Wanda ya saba da cewa takardar lauya barazana ce kawai, a nan zai yi asara mai yawa.

Almajirin Malam:
Allah ya saka wa masu bayani da alheri. Tunda dukkan ɓangarorin Musulmi ne bisa ga dukkan alamu, yana da kyau a tuna cewa abin da Barista ta faɗa ya yi daidai da abin da muka karanta. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, don haka kason da Alhaji ya san haƙƙinsu ne bai halatta ya riƙe shi don ya zama abin ciniki a kan sauran ba. A ɗaya ɓangaren kuma ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Wanda ya ce yana bin miliyan 6.8 na tashin farashi shi zai kawo shaidar cewa an yi masa alkawarinsu, kamar yadda Alhaji shi zai kawo shaidar miliyan 3.4 da ya ce ya kashe a gyara, domin a wannan gaɓar shi ne mai da'awa. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi ƙarami ne ko babba, kuma matattakalar da aka yi cinikinta a baki tana cikin abin da ayar ta ƙunsa.

Tsohon Magini:
Malam ya yi adalci. Amma ina da ja a kan miliyan 3.4 ɗin nan da kowa ya karɓa kamar an gama magana. Wa ya auna aibin? Injiniyan mai gini ne, wanda ba ya cikin yarjejeniyarsu. Wa ya zaɓi masu gyara, wa ya yi ciniki da su? Alhaji ne shi kaɗai. Kuma kankare yana yin ramuka saboda dalilai da yawa. Idan Alhaji ne ya kawo siminti da tsakuwa, ko shi ne ya ƙi biyan hayar injin girgiza kankare, ko yaransa ne suka matsa a cire katako kafin lokaci don a yi sauri, to laifin ba na mai zubawa ba ne shi kaɗai. Yoyon rufi ma haka, wani lokaci zanen ne bai ba ruwa gangara isasshiya ba, kafinta kuwa abin da aka zana masa ya bi.

Mai Ƙididdigar Gini:
Baba ya taɓo wurin da shari'ar za ta fi zafi. Shi ya sa a amsar da za a rubuta nake ganin a haɗa da tayin cewa ɓangarorin biyu su amince da wani ƙwararre ɗaya mai rajista, injiniyan da hukumar injiniyoyi ta COREN ta yi wa rajista ko mai ƙididdiga daga cikin 'yan ƙungiyar masu ƙididdigar gini ta NIQS, ya duba hotunan kafin gyara da rasiɗai da zane, ya sake auna aikin gaba ɗaya a gaban wakilan kowa, a raba kuɗin aikinsa biyu. Wannan tayi yana nuna wa kotu cewa jayayyar ta gaskiya ce, kuma sau da yawa a nan rigimar take mutuwa, domin idan adadi ya fito daga hannun wanda kowa ya yarda da shi, abin da ya rage bai kai kuɗin lauyoyi ba. Tunda an riga an yi gyaran, aibin ya rufu, hotuna da rahoton da aka rubuta a lokacin su ne kawai suka rage, kuma idan ba su nuna girman ɓarnar sosai ba, Alhaji ya shirya cewa ba lallai a amince masa da miliyan 3.4 ɗin duka ba.

Baban Amira:
Su suka kawo kayansu duka, mu kuɗi kawai muke bayarwa, kuma akwai rahoton injiniya mai kwanan wata. Na karɓi shawarar a kawo ƙwararre. Saura batun 'yan sanda, wanda shi ya fi tayar wa iyalina hankali. Wani ya ce in ba su cek na wata biyu masu zuwa don su janye.

Barista Maman Sadik:
Kada ka ba da cek ɗin nan, Alhaji, sai kana da tabbacin kuɗin suna cikin asusu. Yanzu rigimarku ta ciniki ce zalla. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar bankin Diamond da Opara a 2018 cewa EFCC ba hukumar karɓar bashi ba ce. Idan an gayyace ka, ka je da lauyanka da kwafin yarjejeniya da amsar da kuka rubuta, kada ka sa hannu a wata takardar alkawarin biya a ofishinsu, kuma idan aka tsare ka a kan wannan kana da damar shigar da ƙarar tauye haƙƙi a kan su da wanda ya kai ka. Amma cek ɗin da banki ya mayar saboda babu kuɗi laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu, kuma da shi ne maganar za ta zama ta 'yan sanda da gaske.

Ga Baba da sauran masu ƙananan ayyuka, akwai hanyoyin da suka fi barazanar rushe kamfani sauri da arha. Kano tana da zauren sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha tun 2009, inda yarjejeniyar da aka cimma alƙali yake sa mata hannu ta zama kamar hukunci. Akwai kuma kotunan ƙananan da'awa da aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019, waɗanda suka fara da iyakar naira miliyan 5, mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Wanda yake da takardar shaidar kammala aiki da aka sa wa hannu yana iya neman Babbar Kotu ta yanke masa hukunci a taƙaice, tunda wanda ake ƙara sai ya nuna yana da kariya ta gaske kafin a ba shi damar ja. A lura da lokaci kuma: a Legas da Abuja shekara shida ne wa'adin kai ƙarar bashin yarjejeniya, wasu jihohi biyar, kuma amsa bashi a rubuce ko biyan wani kaso yana sa a fara ƙirga daga farko.

Tsohon Magini:
Takardar shaidar kammala aiki ita ce ba a ba mu, Barista. Ƙaramin ɗan kwangila yana gama zuba dakin ake ce masa ya wuce hawa na gaba, in ya tsaya neman sa hannu a ce ya cika tsirfa, a ba wani aikin.

Mai Ƙididdigar Gini:
Ba sai takarda mai hatimi ba, Baba. Littafin wurin aiki ya wadatar, a rubuta abin da aka gama a wannan mako da awonsa, wakilin babban ɗan kwangila ya sa hannu a ƙasa. In ya ƙi, a ɗauki hoton shafin da na aikin a tura masa ta waya a ranar, tare da cewa idan yana da gyara a kan awon ya faɗa kafin a ɗora bulo a kai.